Ranar da Tartsatsi Suka Yi Mini Kiɗan Gayya

Da sunan Allah zan fara wannan babin, amma da haushi zan ci gaba, gara ku sani tun da wuri. Kwanakin baya ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, sai ga jikata Maryamu ta faɗo da rediyo a hannu tana haki, wai in saurara, ana hira da kawunta Sadiku da abokan kiɗansa. Na saurara. Mai tambaya ya ce a ina suka fara, sai na ji autana, ɗan da na goya a bayan nan nawa, ya gyara murya ya ce:

"Mahaifiyarmu ce ta fara ba mu dandali. A gonarta muka yi wasanmu na farko, Allah ya saka mata da alheri."

Saura ƙiris in kifar da faifan. Dandali! Ni Hajara ce na ba da dandali? To ku zauna, ku 'ya'yana da jikokina, ku ji yadda aka yi daga bakin mai gonar, tun kafin ƙasa ta rufe mini ido a mayar da ni uwar makaɗa.

Shekarar da mahaifinku Malam Sani ya rasu, abin kirkin da ya bar mana shi ne gonar nan ta bakin rafi, gabas da ƙauyenmu a ƙasar Kiru. Baƙar ƙasa ce mai riƙe ruwa, masara tana yi a cikinta har ta ɓoye mutum. Ku mata duk kuna ɗakunan mazajenku, namijin ɗaya ne, Sadiku, shi kuwa tun yana rarrafe hannunsa bai san komai ba sai ƙwanƙwasa: ƙwarya, murfin tukunya, bokiti, har kan yayyensa in sun zauna kusa. Bayan an yi addu'ar arba'in, wan mijina Yaya Ilu ya zo ya zauna a zaure ya ce a kira ni. Ba mugu ba ne, kada wanda ya ce na ce, amma mutum ne da ba ya kwana-kwana.

"Hajara, gonar nan ta magada ce, ban ce tawa ba ce. Amma ba zan zuba ido ta koma saura ba. Ki gwada damina ɗaya ke da yaron nan. In ta yi, ba ruwana. In ba ta yi ba, ta dawo hannuna in riƙa noma ta tare da nawa."

Na ce na ji, Yaya. A raina kuwa na san gonar da ta shiga hannun babban gida ba ta cika fitowa ba, ko da babu mai mugun nufi. Saboda haka wannan damina ɗayan ita ce komai a wurina.

To a daidai lokacin ne Sadiku ya kwaso mini abokan nan nasa biyu. Na farko Mudi, ɗan Bebeji mai gyaran waya, siriri mai tabarau, ba ya rabuwa da kwamfuta da wani akwati mai maɓallai da ke fitar da amon ganga ba itace ba fata. Na biyu Lawan Dogo, mutumin Doguwa, wanda ya yi shekaru yana kiran fasinja a Kwanar Dangora. A can ya horar da maƙogwaronsa, shi ya sa in ya ce zai yi waƙa sai ka ɗauka motar Zariya ce saura mutum ɗaya. Nawa kuma jita ya rataya, ba garaya ba, ba gurmi ba, wata aba mai igiyar wuta, in ya ja ta sai ta yi kuka kamar injin niƙa ya haɗiyi dutse. Suka raɗa wa kansu suna Tartsatsi. Kiɗan kuma wai sunansa rok, na lantarki, wai duk Kiru da Bebeji da Tudun Wada babu mai yin irinsa. Na ce ai dole, sauran mutane suna da aikin yi.

A shagon ƙofar gidana suka tare. Kajina suka daina ƙwai. Maƙwabta suka fara gaishe ni a tsaye. Malamin allo na bayan gidanmu ya aiko da sallama mai laushi, wai ko za a ɗan sassauta lokacin karatu, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga shi duk su ukun tukunyata suke ci, Lawan shi kaɗai yana tashi da malmalar mutum biyu ya ce, "Inna, ko akwai ƙanzo?" Na yi faɗan, na yi zagin, na ɓoye musu igiyar wuta a cikin rumbu, suka je suka samo wata. Ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa, haka nake ce wa Sadiku kullum, shi kuma ya yi dariya ya ce wata rana zan yi alfahari. Gaskiya ɗaya dai ba zan ɓoye ba. Akwai wata la'asar da abokan ba su nan, ya zauna shi kaɗai yana taɓa jitar a hankali, ba hayaniya, sai na tsinci kaina tsaye da tsintsiya a hannu na manta da sharar. Abin ya taɓa ni, na ji kewar mahaifinsa ta taso mini. Da ya ɗago ya gan ni sai na ce ya tashi ya ba awaki ruwa.

Ruwa ya sauka, surukaina maza suka taimaka aka yi shuka, aka yi noman fari, masara ta tashi kore shar har gwiwa. Saura huɗa, ita ce babban aikin, kuma kowa a lokacin ta gonarsa yake yi. Na duba Sadiku na duba gonar, na san ko shekara zai yi a duƙe ba zai kai ƙarshenta ba. Sai na yanke shawarar kiran gayya. Na raba goro gida gida, manoman unguwa suka amsa saboda darajar marigayi. Na jiƙa gero, na sa aka surfa masara, na ce a yanka bunsuruna guda ɗaya da nake ji da shi. Abu ɗaya ya rage, makaɗi. Tanko Maiganga, wanda ya yi wa kowace gayya ta ƙauyenmu kiɗa tun ina amarya, ya dawo daga Makka ya ce ya tuba, ya rataye ganga. Na aika, na je da ƙafata, ya ce in yi haƙuri. Gayya ba kiɗa kuwa tuwo ne ba miya, samari ba za su kai azahar ba.

Ina zaune na yi tagumi, sai ga Sadiku ya tsuguna a gabana, abokan suna leƙe daga zaure.

"Inna, ga mu a gida kina neman makaɗi a waje?"

"Ku? Noma na ce za a yi, ba korar tsuntsu ba."

Mudi ya matso yana gyara tabarau.

"Inna, kiɗan Baba Tanko yana cikin akwatin nan. Na ɗauka tun kafin ya tuba. Mun ƙara masa ƙarfi ma."

Ku da kuka tashi a birni ba ku san kiɗan gayya ba, bari in gaya muku abin da na gaya musu. Makaɗin noma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ganga a rataye, yana biye da manoma kunya bayan kunya, idonsa a kan bayansu. Ya san kowa ya san ubansa. In ya ga wani ya fara ja baya sai ya matsa kusa ya kira sunan kakansa, mutumin ya zabura. In rana ta take sai ya sassauta, a ja numfashi, a sha ruwa. Ganga ce take bin garma, garma ba ta bin ganga. Na faɗa na maimaita har bakina ya bushe, su kuma suna ta gyaɗa kai suna "ƙwarai, Inna", ashe ta kunnen dama yake shiga ya fita ta hagu. Daga ƙarshe na ce da babu gara ba daɗi, na yarda. Abin da ban sani ba, shi Mudi da ya ji an ce gayya, a tunaninsa yawan jama'a shi ne nasara. Sai ya baza a waya cewa Tartsatsi za su yi wasa a gona ranar kaza, kowa ya zo, ba tikiti.

Ranar ta zo. Da hantsi manoma suka hallara da garemaninsu, har da Yaya Ilu, ya zo da tasa garmar. Mu mata muka sauke tukwane a gindin ɗorawar bakin gona. Can sai ga Tartsatsi sun turo kura shaƙe da janareta da lasifika manya kamar akwatin lefe. Tun nan aka fara. Igiyarsu ta yi gajarta, wai kuma sauti ba zai kai ko'ina ba in suna gefe, sai kawai na ga suna ratsa masarata suna kafa kaya a tsakiyar gona.

"Kai Sadiku! A kan shukar za ku zauna?"

"'Yar kaɗan ce, Inna, za mu tayar da ita in an gama."

Aka tayar da janareta, Mudi ya danna maɓalli. Wallahi da farko abin ya yi kamar zai yi. Amon gangar Tanko ne sak, sai dai da wani gurnani a ƙarƙashinsa da kake ji har cikin haƙarƙari. Sadiku ya shigo da jita, samari suka yi shewa suka duƙa, ƙasa ta fara tashi. Na ce a raina, Hajara, ko dai kin zalunci yaran nan? Ban rufe baki ba na ga abin da ke faruwa. Akwatin Mudi ba ya gajiya kuma ba shi da ido. Gudu ɗaya yake yi, mai sauri, ba sassauci, samari kuma jini ya hau, kowa yana son ya cim ma kiɗan. Garma ta fara sauka inda ta ga dama, tana datse masara daga tushe. Waɗanda suka yi nisa kuma da sun ji kiɗa ya rage a kunnensu sai su bar kunyarsu a rabi su juyo wajen lasifika. Aka yi ta tono tsakiyar gona ana sake tonowa, ƙarshenta na wajen rafi ko garma ɗaya ba ta taɓa ba.

Shi kuwa Lawan da aka ba aikin kirari, bai san kowa ba a ƙauyen, balle uban wani. Sai ya koma sana'arsa ta tasha.

"Kai mai jar riga, ba da wuta! Mai hula, matsa gaba! Baba mai gajeren wando, yaya dai, mai ya ƙare ne?"

Baba mai gajeren wandon nan Malam Audu ne, aminin mahaifinku, mutumin da ko mai unguwa ba ya kiran sunansa gatsau. Ya miƙe a hankali, ya dubi Lawan, ya dube ni, ya saɓa garmarsa ya fice. Dattawa uku ko huɗu suka bi bayansa. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, sai na ji ƙarar babura.

Innalillahi! Kamar an buɗe kasuwar Tudun Wada. Daga Kwanar Dangora, daga Bebeji, har da waɗanda aka ce tun daga Doguwa suka taso don Lawan, uku uku a kan babur, ko ɗaya babu mai fartanya, kowa waya a sama. Taron tsintsiya ba shara. Suka tsallake iyaka suka nufi inda kiɗa yake, su kuma Tartsatsi da suka ga jama'a sai hankalinsu ya bar jikinsu. Mudi ya ƙara wuta, Lawan ya ware maƙogwaro, nawa ya rufe ido yana jan jita kamar ba a gonar ubansa yake ba. Aka fara tsalle. Ina ji da kunnena karan masara yana karyewa, ƙas, ƙas, ƙas. Ban san lokacin da na zari muciya na kutsa ba, ina ɗaga hannu ina ihu su fita, su fitar mini daga gona. Wa zai ji ni? Suka buɗe mini fili suna tafi, Lawan ya daka tsawa a lasifika:

"Ga Inna ta shigo! A ba Inna hanya! Inna ba ki da dama!"

Ana ga yaƙi suna ga ƙura. Wai rawa nake yi. Ni da ko a bikina ban taka ba! Na ratsa su na isa wajen janareta, ban san inda ake kashe shi ba, na kama igiya na fizge da iya ƙarfina. Wuri ya yi tsit. Sai a lokacin Sadiku ya buɗe ido ya dubi ƙasa, ya ga abin da yake tsaye a kai.

Tsugune ba ta ƙare ba. Na koma gindin ɗorawa na tarar 'yan gayyar soɗi sun yi wa tukwane wanka. Bunsuruna ko ƙashi ba a bari ba, fura ko ta ɗanɗano. Manoman da suka tsaya suka yi gumi na gaskiya, ruwa kawai suka sha suka tafi. Masarar ta yi mini ciwo, amma wannan ya fi, domin a ƙauyenmu ba a taɓa jin wanda ya kira gayya ya sallami mutane da yunwa ba sai ni. Na zauna a kan tushen ɗorawar na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Yaya Ilu bai tafi ba. Ya zagaya gonar shi kaɗai, hannu a baya, ya dawo ya tsaya nesa kaɗan.

"Masara kam ta tafi. Amma lokacin wake bai wuce ba. In yaron zai tsaya ya sake huɗa ya shuka, ina nan a kan maganata."

Ya yi mini adalci, ku rubuta wannan da kyau.

Kafin mako ya zagayo, hoton abin da aka yi ya karaɗe wayoyi. Wai ba a taɓa ganin irinsa ba, kiɗan lantarki a tsakiyar gona, ga tsohuwa tana rawa da muciya. Har yau ana nuna shi, kuma duk wanda ya sake nuna mini, jika ne ko suruki, zai sha muciyar da gaske. Sai ga kira daga Kano, wani mai ɗakin ɗaukar waƙa yana neman su, su zo yanzu yanzu tun abin yana da zafi, a ɗauki waƙoƙinsu a haɗa su da masu shirya wasa. Mudi da Lawan suka zo suna rawar jiki. Sadiku ya ce ba ya zuwa. Ya sa jitar a buhu ya tura ƙarƙashin gado, ya ɗauki garmar mahaifinsa.

Kullum da sassafe ya fita, sai yamma ya dawo, ba ya ƙwanƙwasa komai. Abokan suka ce ba za su tafi su bar shi ba, suka bi shi gona. Ranar farko Lawan ya sare babban yatsansa na ƙafa, Mudi kuma rana ta buga shi ya kwanta a inuwa yana kiran sunan uwarsa. Daga nan suka dawo zaurena suka zauna kamar masu karɓar gaisuwa, suna ci mini tuwo cikin jimami. Gidan ya yi shiru, kaji suka koma ƙwai, maƙwabta suka dawo da zama in sun zo gaisuwa. Abin da na daɗe ina roƙo ke nan, kuma abin haushi, ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Wata rana na kai masa kunu gona. Na tsaya a bakin iyaka na dubi aikin. Kunyoyin nan a karkace kamar tafiyar maciji, wata ta hau wata, kuma duk wahalar da ya sha bai ci ko kusurwa ɗaya ba. Shi kuma yana zaune a ƙasa ya ba ni baya, bai ji zuwana ba. Ya kwantar da ƙotar garma a cinyarsa yana ƙoƙarin danna ta da yatsun hagu, yadda yake yi wa jita. Yatsun sun kumbura, bororo ya fashe, sun ƙi lanƙwasuwa. Ya gwada, ya sake gwadawa, sannan ya kifa kansa a gwiwa. Haushi ya turnuƙe ni, na gonar, da na yaron, da na marigayin da ya tafi ya bar ni da wannan rigima. Na dire kwanon kunun.

"Ba ni garmar nan."

"Inna, zan iya. Ki ba ni lokaci."

"Za ka iya me? Dubi kunya kamar wanda aljanu suka yi wa huɗa. Tashi ka kwashi waɗancan mayunwatan ku tafi Kano, kafin su cinye mini rumbu."

"Gonar Baba fa?"

"Gonar babanka ta ga abin da ya ishe ta a hannunka. Tashi na ce!"

Ya kama ƙafata yana kuka, na ce ya sake ni kafin in saɓa masa. Ban bi ta gida ba. Na saɓa garmar a kafaɗa, tsofai-tsofai da ni, na ratsa ƙauye kowa yana kallo, har zauren Yaya Ilu. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye ta a gabansa. Ya daɗe yana kallonta.

"Hajara, damina ba ta ƙare ba. Ban aiko a karɓa ba."

"Na sani, Yaya. Ni na kawo. In na riƙe yaron nan ba manomi zan samu ba, kuma na kashe abin da Allah ya ba shi. Gara gonar ta samu mai ita."

Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Washegari 'ya'yansa suka shiga gonar, su kuma Tartsatsi suka hau mota a Kwanar Dangora, Lawan yana ɗingishi. Ga su can har yanzu, ana cewa suna tasowa, yau a kira su nan gobe can, sun ƙaro wata yarinya 'yar Tudun Wada mai muryar da ta fi ta Lawan hankali nesa ba kusa ba. Ko za su kai inda suke hange, Allah ne masani. Ina yi musu addu'a bayan kowace salla, ina kuma tsine wa akwatin Mudi.

Da kaka ta yi a shekarar, ina tsakar gida sai ga Yaya Asabe, matar Yaya Ilu, ta yi sallama da ƙwarya a rufe da faifai. Muka gaisa, ta tambayi labarin 'yan Kano, sannan ta turo mini ƙwaryar da fara'arta, ba da wata manufa ba.

"Ga ɗan wake ki taɓa, Hajara. Na gonarmu ta bakin rafi ne, bana Allah ya sa masa albarka."

Na karɓa da hannu biyu. Na ce an gode, Allah ya ƙara arziki, ya kai mu na baɗi. Na raka ta har zaure. Waken fari ne tas, manya, ko ƙwaro ɗaya babu. Na dafa shi na raba wa maƙwabta, amma ni ban iya kai ko loma ɗaya bakina ba.